Gwangwani Mai Koren Murfi

Shekara arba'in da ɗaya Iya Tela ta yi tana taka keken ɗinki a layin nan, ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Faɗa dai an sha shi. Ta taɓa wurgo wa wani mutum yadinsa ta taga don ya nace ƙugunsa talatin da huɗu ne, alhali tef ya ce arba'in. Saboda bakin nan nata ake kiranta Almakashi a bayan ido, ta kuma sani, ko a jikinta. Amma idan ta ce maka rigarka Laraba, to ka zo Laraba da safe, za ka same ta a goge a rataye.

Sai ga shi da furfurarta da komai, wata malamar asibiti da ko autarta ba ta kai ba ta leƙo ta ta saman gilashi ta ce, "Iya, ki ji tsoron Allah ki faɗa mana gaskiya. Me kike ci a ɓoye?"

Bari a ɗauko zancen daga tushe.

Wata biyu kafin nan likita ya ce suganta ya fara hawa. Bai yi nisa ba tukuna, in ji shi, amma sai an gyara ci, musamman na rana. Abincin ranar Iya kuwa kowa a layin ya san shi: rabin burodi, biskit, da shayi mai suga cokali huɗu, tana kurɓa ƙafarta na kan keke. Ba ta da lokacin ɗora tukunya da rana, ba ta kuma taɓa samu ba. Auta, 'yarta mai aikin ofis, ita ta kawo shawarar garin nan na gwangwani da ake kaɗawa da ruwa a sha maimakon abinci. Likita ya ce ba laifi, sau ɗaya a rana, muddin aka zaɓi wanda sugansa bai taka kara ya karya ba.

Ranar Asabar suka tafi babban kantin da ke bakin titi, mai sanyi kamar cikin firji. Gwangwanayen sun cika kanta huɗu, kowanne yana ƙyalli.

"Abu uku za mu duba, Iya," in ji Auta. "Kada ya zama da madara, tunda kin san yadda cikinki yake da ita. Kada suga ya yi yawa. Sannan ya riƙe miki ciki har yamma."

"Na huɗun fa?"

"Wanne?"

"Ya shiga baki."

Auta ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ɗauko wannan ta juya bayansa, ta karanta, ta mayar. Ta ɗauko wancan. Iya ba ta taɓa zama a aji ba, rubutu a wurinta tururuwa ce a kan takarda, don haka sai ta bi hotuna.

"Wannan mai hoton mace tana dariya fa?"

"Suga ne zalla."

"Shi ya sa take dariya. Wancan mai ruwan ƙasa?"

"Madarar shanu ce a ciki."

"Ajiye shi. Mun yi hannun riga tun ina da haƙorana duka."

Sai da ƙafar Iya ta fara tsami sannan Auta ta tsaya a kan wani mai koren murfi da hoton ganye a gaba. Babu komai na dabba a ciki, in ji ta, waken soya ne da hatsi da garin 'ya'yan itace, suga kuwa ɗan kaɗan. Iya ta jinjina shi a hannu, ta ƙwanƙwasa murfin da farce, ta ce ko ba komai gwangwanin mai kyau ne.

Kafin su bar wurin ta yi abin da take yi wa komai a rayuwarta: ta auna. Layi na uku daga ƙofa. Taku bakwai. Kantar da ke daidai ƙirjinta. Kamu biyu daga ginshiƙi. Da haka ta san motar da take hawa, da haka ta san ƙofar asibiti, da haka ta rayu shekara sittin da 'yan kai ba ta taɓa roƙon kowa ya karanta mata allo ba.

Tana isa shago ta juye garin a babbar kwalba, ta goge gwangwanin tas, ta zuba fararen maɓallai a ciki. Gwangwani mai murfin kirki ba a barinsa ga gari.

Ɗanɗanon abin kuwa, sai wanda ya sha. Kamar an jiƙa kwali an tace. Kullum da rana sai ta kaɗa cokali uku a kofi, ta tsine wa wanda ya ƙirƙiro shi, ta rufe ido ta shanye. Burodi ta sallame shi. Biskit ta ba jikokin maƙwabta. Shayi ta koma sha babu suga, tana yamutsa fuska kamar mai shan magani. Wata ɗaya cur ba ta yi fashi ba, da aka je gwaji malamar asibiti har tafa mata ta yi.

Sai garin ya ƙare, Auta kuma aiki ya kai ta wani gari na kwana huɗu. Iya ta ce ita ba jaririya ba ce. Ta ɗauki jakarta ta tafi kantin. Layi na uku. Taku bakwai. Daidai ƙirji. Kamu biyu daga ginshiƙi. Ga koren murfi, ga ganye. Ta ɗauko, ta dawo, ta juye a kwalba, ta cika sabon gwangwanin da baƙaƙen maɓallai.

Kurɓar farko ta tsaya. Ta sake kurɓa. Abin ya sauka a maƙogwaro lallausa, har da wani ƙamshi.

"To, ai ga shi," ta ce da keken ɗinkinta. "Wani ya je ya yi musu tas, sun gyara."

Mako uku tana sha da murna. Wata rana ma cokali huɗu ta zuba. Rigarta ta fara kama ta a hammata, ta ce yadin zamani ne, da an wanke sai ya tsuke.

Shi ne ya kawo mu ranar Laraba, ranar gwaji na biyu, da malamar asibitin nan, da tambayarta.

"A ɓoye?" in ji Iya. "Ni? Yarinya, ko zagi zan yi miki a gaban mutane zan yi shi."

"To lambar nan ba daga sama ta faɗo ba. Ta fi ta ranar farko ma. Duk haka tsofaffin nan suke ce mana, sai an duba ƙarƙashin matashi a ga alewa."

Masu jiran layi a kan benci suka yi dariya. Iya ta juya wurin Auta tana jiran ta tare mata. Auta ta sunkuyar da kai ta ce, "Iya, in kin gaza ne ki faɗa kawai. Ba wanda zai dake ki."

Wannan ita ce ta soke ta, ba ta malamar ba.

Da suka koma shago Auta ta bi aljihunan tebur ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga tarin yadi, ta leƙa bayan keke, har akwatin zare sai da ta zazzage. Ba ta ga ko ɓurɓushin biskit ba, sai kwalbar gari a kan taga. Maimakon ta ji kunya sai ta ce, "Wato a waje kike ci ke nan."

"Ki maimaita."

"Ba zan yi jayayya da ke ba, Iya. Na gaji. Ranar Asabar zan zo da kwalaye. A rufe shagon nan, ki koma wurina, inda idona zai riƙa ganin abin da ke shiga bakinki."

Wurin Auta hawa na huɗu ne a wani dogon bene. Iya ta taɓa kwana biyu a can ta ji kamar an rataye ta a ƙusa. Babu mai wucewa ka tanka masa, babu mai kawo wando ka zage shi, sai talabijin da rufin gidajen mutane. Kekenta kuwa ko a mafarki ba zai hau matakalar nan ba. Ta yi faɗa, ta yi rantsuwa, ta buga tebur har allurai suka yi tsalle. Auta ta ɗauki jakarta ta ce, "Asabar, ƙarfe goma."

Ranar Alhamis Iya ba ta zagi kowa ba. Layin gaba ɗaya ya tsorata.

Ranar Juma'a da safe Mai Agogo ya leƙo. Shagonsa ne manne da nata, shekara talatin suna raba bango ɗaya, kuma shi kaɗai ne ke iya kiranta Almakashi a gaban idonta ya kwana lafiya. Siriri ne kamar a hura shi ya faɗi, kullum madubin gyaran agogo na ɗaure a goshinsa.

"Almakashi, an ce za a kwashe ki a kwali. In zo in taya naɗewa?"

"Tsinke, in ba ka da abin yi je ka tayar da matattun agogunanka."

"Maɓalli nake nema. Na hannun rigata ya gudu."

Ta turo masa gwangwanayen biyu ba tare da ta ɗago ba. "Fari ko baƙi, zaɓi ka ɓace mini."

Mai Agogo yana da wata ɗabi'a: duk abin da ke da rubutu sai ya karanta shi, ko da takardar ƙunshin sabulu ce. Ya sauko da madubin kan idonsa, ya juya gwangwanin farko, ya juya na biyu, ya sake komawa na farko.

"Wanne kike sha a cikinsu?"

"Ba ka da ido ne? Ai abu ɗaya ne."

"Uwa ɗaya uba ɗaya dai, amma ba hali ɗaya ba. Wannan na masu rage suga ne. Wannan kuwa," ya ɗaga mai baƙaƙen maɓallai, "na masu ɗaga ƙarfe ne, masu son su yi jiki. An rubuta a nan: domin ƙara ƙiba cikin gaggawa."

Ƙafar Iya ta sauka daga kan keke.

"Miƙo madubin nan."

Harafi ba ta sani ba, amma lamba tef ya koya mata, daga ɗaya har sittin. Mai Agogo ya ɗora farcensa a kan layin suga. Ta runtse ido ɗaya ta leƙa. A gwangwanin fararen maɓallai, biyu. A na baƙaƙe, ashirin da shida. Rubutun kuwa ko kafar allura ta fi shi girma.

"Ashe," in ji Mai Agogo, yana ƙoƙarin danne dariya. "Shi ya sa na ga kina cika kujera. Na ɗauka hankalinki ne ya kwanta."

Iya ta miƙe. Ta zura almakashinta a aljihu kamar kullum, ta rungumi gwangwanayen biyu, ta fita. Tun daga layin har bakin titi ana jin ta, kacau-kacau, kamar akuya mai ƙararrawa.

A kantin ta je layi na uku, ta yi taku bakwai, ta tsaya. Ga mai ƙibar nan zaune daram a kamu biyu daga ginshiƙi. Nata na gaskiya yana can ƙasa daidai gwiwa, a lungu. Ta ɗaga murya ta ce a kira mata mai kantin, ba yaronsa ba, ba ƙaninsa ba, shi kansa.

Manaja ya fito yana murmushin da ake koya musu. Mutum ne mai ɗan tumbi da gilashi, cikin kwat ta kamfani mai maɓallan ƙarfe uku masu tambarin kantin. Na tsakiyar yana reto da zare biyu kacal. Idon Iya ya faɗa kansa tun kafin ta dubi fuskar mai shi.

"Mama, sannu da zuwa. Lafiya dai?"

"Da lafiya ka ga na rufe shago da safe? Wa ya ɗauke gwangwanina daga nan ya ajiye wannan ɓarawon?"

Ya saurari labarin yana gyaɗa kai. Ya ce ai kowane farkon wata suna sauya wa kaya wuri, tsarin kamfani ne, don mutane su zagaya su ga sababbin abubuwa.

"Wato da gangan kuke ɓatar da mutane."

"A'a, Mama, ba haka ba ne. Ai komai a rubuce yake a jiki. Da kin duba..."

"Cire gilashinka."

"Na'am?"

"Cire shi, na ce. Ka ja da baya taku uku."

Masu sayayya sun fara taruwa da kwandunansu, ma'aikata biyu sun leƙo daga bayan kanta. Manaja ya ga gardama za ta fi tsawo, ya cire. Iya ta juya masa baya, ta cakuɗa gwangwanayen, ta jera su a kan kanta.

"Yadda kake ganin rubutun nan yanzu, haka nake ganinsa tun da aka haife ni. Ni da rabin tsofaffin da ke shigowa nan. To ga kayanka, kai ne mai kanti. Nuna mini na mai ciwon suga."

Ya ƙanƙance ido. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Ya ɗan matso, ta ce ya koma inda yake. Can ya nuna na dama.

"Fararen maɓallai ne a na kirkin," ta gaya wa jama'a, sannan ta buɗe wanda ya nuna ta karkata shi. Baƙaƙe suka zubo a tafin hannunta.

Wata mata mai goyo ta fashe da dariya har sai da ta dafa kanta. Manaja ya mayar da gilashinsa.

"Mama, kin yi gaskiya. Kuskure ne, kuma za a gyara. Yanzu zan sa a ba ki sabon gwangwani kyauta."

"Gwangwani zai buɗe baki ya yi wa 'yata magana?"

"To in rubuta miki takarda, da hatimin kanti."

"Rubutu ne ya jefa ni a ramin nan, shi za ka ƙaro mini?"

"In kira ta a waya?"

"Ta ce na ɗauko wani a titi na ba shi abin faɗa? An ce da ni maƙaryaciya a gaban mutane, ɗan nan. Gobe ƙarfe goma za a rufe mini shagon da na shekara arba'in da ɗaya a ciki. Da ƙafarka za ka zo, da wannan kwat ɗin, ka faɗa da bakinka."

"Wallahi Mama gobe ba zai yiwu ba. Manyanmu za su zo duba kanti da rana, ba ni da..."

Ƙyas.

Ko ganin fitowar almakashin bai yi ba. Sai dai ya ga maɓallinsa na tsakiya a hannun Iya, kwat ta buɗe, tumbi ya leƙo. Ta jefa shi cikin gwangwanin baƙaƙe ta rufe.

"Dama faɗuwa zai yi kafin yamma, na cece shi ne. Layin bayan gidan mai, shago na biyar, kusa da mai gyaran agogo. Ka zo da safe in ɗinke maka, ka tarbi manyanka da cikinka a rufe."

Ta ɗauki sabon gwangwani daga lungun ƙasa, ta sa mai karɓar kuɗi ta nuna mata lambar biyu da yatsa, ta biya abinta don kada a ce kyauta ta zo nema, ta fita kacau-kacau.

Asabar ƙarfe goma saura Auta ta iso da kwalaye shida a bayan mota. Ta tarar da Iya tana ɗinkin siket kamar ba abin da ke faruwa, Mai Agogo kuma ya jawo kujerarsa bakin ƙofa ya zauna kamar mai jiran a fara wasa.

"Iya, ba ki haɗa komai ba?"

"Ina da baƙo."

Goma da minti biyar sai ga Manaja, hannu ɗaya riƙe da gaban kwat. Ya gaishe da kowa. Ya fara ƙoƙarin tuɓe kwat ɗin, Iya ta ce a'a, a jikinsa za ta ɗinka, ya fi zama daidai. Ta tsayar da shi a tsakiyar shago, ta zura zare, ta kafa allura daidai cibiyarsa.

"Kada ka motsa. Wannan ita ce 'yata. Yi magana."

Bai taɓa yin bayani a tsanake irin na ranar ba. Ya faɗi yadda suke sauya wa kaya wuri, ya faɗi yadda gwangwanayen suka yi kama, har gwajin gilashi bai ɓoye ba, don duk lokacin da ya yi kamar zai tsallake wani wuri sai Iya ta ɗan ja zaren. Mai Agogo ya miƙa wa Auta gwangwanayen biyu. Ta juya bayansu ta karanta. Ta dubi kwalbar da ke kan taga, wadda ta gani ranar Laraba ta wuce.

Sannan ta tsuguna a gefen keke. "Iya, ki yafe mini."

"Ba a nan kika faɗa ba. A gaban benci guda na mutane kika faɗa, a can za ki janye."

"Zan janye. Ranar Litinin ma in kina so." Ta share ido da bayan hannu, sai kuma ta ɗago. "Amma Iya, tsakaninki da Allah. Biyu da ashirin da shida. Bakinki bai gaya miki komai ba?"

Mai Agogo ya gyara zama. Manaja ma ya manta da allura ya sunkuyo.

Iya ta ƙulla zaren, ta gatsa shi da haƙori, ta daɗe tana duban maɓallin kamar akwai abin gyara a jikinsa. Shekara arba'in da ɗaya ba wasa ba ce, ba yau za ta fara ƙarya ba.

"Ya gaya mini," ta ce. "Na ce ya yi mini shiru."

Mai Agogo ya kusa faɗowa daga kujera. Auta tana dariya tana hawaye. Iya ta ce su yi ta yi, ita dai ba ta ci komai a ɓoye ba, a kan taga kwalbar take, kowa na gani.

Aka yi sharaɗi. Kwalaye za su zauna a shago mako uku. In an koma gwaji lamba ta sauka, magana ta mutu. In ba ta sauka ba, Iya da kanta za ta naɗe kayanta. Kafin Manaja ya tafi ta danƙa masa ƙwaryar jan zare guda.

"Duk gwangwanin da ba shi da suga, a ɗaura masa wannan a wuya. Ku kai shi sama, ku kai shi ƙasa, ku kai shi bayan gida in kun ga dama. Mai ido dai zai ga ja."

Ya ce sai ya tambayi manyansa. Ta ce ya tambaye su, in sun ƙi ya gaya mata irin kwat ɗin da suke sawa.

Mako ukun nan ta sha jiƙaƙƙen kwalinta kullum da rana, cokali uku babu ƙari, tana tsine masa kamar da. Ranar gwaji ta ce a juyo mata na'urar ta ga lambar da idonta. Ta sauka. Auta ta tsaya a gaban benci ta faɗi abin da ta yi alkawari, da ƙarfi, har na ƙarshen layi ya ji. Malamar asibiti ta ce, "To Iya, a yi haƙuri, kin san aikin namu..."

"Na san shi. Ki riƙa tambaya kafin ki yanke. Ni ma sai na auna nake sa almakashi. Kuma aljihun rigarki ya fara ɓarkewa, ki kawo."

Kwalaye shida ba su koma ba. Iya ta ce masu ƙwari ne, ta cika su da ƙyallaye ta tura ƙarƙashin tebur. A kantin bakin titi kuwa, farkon wata ya zo an sake birkita kaya, gwangwaninta ya koma layi na biyar can sama, amma tun daga ƙofa ta hango jan zare yana reto a wuyansa.

Ragowar garin mai daɗi, kusan rubu'in kwalba, Mai Agogo ne ya roƙa, wai kada a yi asara. Bayan wata guda ya shigo shagon da wando a hannu, yana kallon rufi.

"Almakashi, ɗan buɗa mini ƙugun nan. Yadin zamani ne, da an wanke sai ya tsuke."

Iya ta zaro tef daga wuyanta.

"Matso nan, Tsinke. Ba kai za ka faɗa ba."